Ɓera ya faɗo daga sanda: jijiya ce ta lalace, ko dai wani abu ne daban?

Ɗalibar Dutsin-Ma:
Assalamu alaikum malamaina. Tambaya gare ni kan gwajin maganin gargajiya a jikin fararen ɓeraye. A ce an yi wa ɓerayen Wistar, wato wani irin farin ɓeran gwaji, ɗurar wani jiƙo kullum har kwana 28. Daga mako na biyu suka rage zirga-zirga a akwatin gwaji, kuma suna saurin faɗowa daga sanda mai juyawa. Ba a duba hanta da ƙoda ba tukuna. Wannan ya isa a rubuta cewa maganin yana lalata jijiyoyi?

Malam na Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam. Bai isa ba, Malama, ko kusa. Abin da ke hannunki shi ne ɓera ya rage motsi, shi ke nan. Dalilin ragewar ne ba ki da shi. Ɓeran da maganin ya sa wa barci zai faɗo daga sanda, wanda tsokarsa ta lalace zai faɗo, wanda hantarsa ta gaza har dattin jini ya hau masa kai zai faɗo, haka wanda sukarinsa ya sauka, da wanda zawo ya tsotse, da wanda ruwan ɗura ya sarƙe ya shiga huhunsa. Duk cikinsu babu wanda dole sai jijiyarsa ta mutu. Sai kin kore waɗannan ɗaya bayan ɗaya sannan bakinki zai iya kaiwa ga jijiya.

Fara da lokacin da ake gwajin. In ana ɗora su a sanda minti 30 zuwa awa ɗaya bayan ɗura, ƙarfin maganin da ke yawo a jini ake aunawa. In ana so a ga ɓarnar da ta zauna, a gwada su da safe kafin ɗurar ranar, wato awa 24 bayan ta jiya. Sannan a ware rukunin da za a tsayar wa da magani bayan kwana 28, a ci gaba da kallonsu kwana 14. Wanda ya warware cikin kwana biyu ko uku, maye ne ya sake shi. Wanda har ƙarshen mako biyun yana jan ƙafa, shi ne abin bincike.

Sarkin Ɓeraye:
Malam, kafin a je ga magani a tambayi ɗakin da ɓerayen suke. Ƙa'ida ita ce zafin ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 19 da 25, laimar iska kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari, haske awa 12 duhu awa 12. A Katsina kau, daga Maris zuwa Mayu waje yana kai digiri 40, in wuta ta ɗauke da rana ɗakin kwano ba ya da maraba da waje. Ɓera ba ya gumi irin namu. Ta wutsiya yake fitar da zafi, in abin ya yi yawa ya shafe jikinsa da miyau. Da zafi ya kama shi sai ya baje ciki a ƙasan keji, ya rage ci, ya ƙi motsi. Wanda bai sani ba sai ya rubuta kasala ya ɗora wa magani. Da hunturu kuma iska ce ke bushewa ƙwarai, har wutsiyar ƙanana ta riƙa yin zobe tana tsukewa.

Saboda haka a rataya ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa a ɗakin, a riƙa rubutawa safe da yamma. Kuma kar a jera kejin rukunin kwatance, wato waɗanda ba a ba su maganin ba, a ƙasa wajen sanyi, na masu shan magani a sama kusa da rufi. A cakuɗa su.

Ɗalibar Dutsin-Ma:
Na gode Baba. To batun sarƙewa da Malam ya ambata, yaya ake gane ta?

Sarkin Ɓeraye:
Ba ta ɓuya, ɗiyata. Ruwa zai fito ta hanci, numfashi ya riƙa ƙara, wani lokaci ɓeran ya mutu cikin mintuna. Wanda ya tsira kan yi kwanaki gashi a tashe, baya a ƙudundune, nauyi na sauka. Allurar ɗura ta zama mai kai kamar ƙwallo, a auna tsawonta daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe a sa alama, a riƙe kai da wuya su miƙe, a bi gefen baki a hankali. In ta tsaya kar a tura, a zare a sake. Yawan ruwa kuma mililita 1 ga kowane giram 100 na nauyin ɓera, ana iya kai 2 in ruwa ne zalla, amma zama a 1 ya fi lafiya. Misali ɓera mai giram 180, ana so a ba shi miligiram 300 a kowane kilo: rabonsa miligiram 54. In an dama maganin miligiram 30 a kowace mililita, zai sha mililita 1.8. A riƙa sa su a sikeli kowane mako ana gyara lissafin, don ɓera mai tasowa ba ya zama a nauyi ɗaya.

Dakta na Daura:
Ni inda zan ja hankali shi ne tsoka, don nan aka fi yin tuntuɓe. Ku ɗauki rai ɗore, wanda a boko ake kira Senna occidentalis, ga shi nan ko'ina a bakin hanya da damina. 'Ya'yansa in dabba ta ci da yawa tsoka suke ruɓarwa. Saniya za ta fara tangaɗi, ƙafafun baya su yi rauni, ta kwanta ta kasa tashi, fitsari ya yi duhu, amma idonta biyu, har ci takan yi tana kwance. A arewacin Indiya an danganta mutuwar ƙananan yara da cin 'ya'yan nan, inda hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa suka taɓu tare. In aka ba ɓera irin wannan, zai faɗo daga sanda, zai kasa riƙe waya, kuma mai gaggawa zai ce jijiya. Alhali da an ɗebi jini an auna CK da AST, sinadaran da ke hauhawa a jini in tsoka ta lalace, an yanki tsokar cinya an duba, da an ga inda ɓarnar take.

Hanyar rarrabewa a tebur ba ta da tsada. A matse yatsan ƙafar baya a hankali: in ya ji ya yi ƙoƙarin janyewa amma ba ƙarfi, ji yana nan, ƙarfin ne babu. A kwantar da shi rigingine: lafiyayye kan juyo nan take. A sa masa tawada a tafin ƙafafun baya, a riƙe shi a kwance santimita 30 sama da takarda a sake shi, a auna tazarar sawun biyu. Ɓeran da jijiyoyin ƙafarsa suka taɓu yakan sauka ƙafafu a wage, kuma tazarar tana ƙaruwa mako bayan mako. Haka akirilamayid, wani sinadari da aka san yana lalata jijiyoyi, yake yi, shi ya sa ake amfani da shi a tabbatar gwajin yana aiki.

Malam na Ƙofar Soro:
Dakta ya kawo magana mai muhimmanci a ƙarshe. Kowane gwajin motsi yana son rukunin da aka ba maganin da an riga an san aikinsa. A katakon tsallakawa (siririn katako da ɓera ke bi ta kansa) da sanda mai juyawa, dayazefam, maganin da ke sa barci da sakin jiki. A gwajin sandarewa, halofaridol, mai toshe dofamin (sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi), miligiram 1 a kilo: a ɗora ƙafafun gaba a kan sanda mai tsayin santimita 9 zuwa 10, lafiyayye zai sauke cikin 'yan sakan, wanda aka toshe wa dofamin zai tsaya a haka kamar an dasa shi, a tsayar da agogo a sakan 180. In dayazefam bai sa ɓerayenki zamewa a katako ba, to katakon ne ya yi faɗi ko mai ƙirgen ne ba ya gani, kuma duk sakamakon da ya fito daga wannan katako ba abin dogaro ba ne.

Jikan Magori:
Malamai, ku yi mani afuwa, zan shigo da ƙorafi. Duk wannan aunawa da kuke yi, me kuke ba ɓeran? Mai magani ya ce a jiƙa sassaƙe a ruwa a kwana, a sha rabin kofi safe da yamma na kwana bakwai. Ku kuma sai ku niƙa shi gari, ku tsuma a metanol, wani irin sifirit, kwana uku, ku ƙafar da shi ya zama kamar kwalta, ku ɗura wa ɓera miligiram 5000 a kilo, sannan a buga cewa maganin gargajiya guba ne. Ruwa da metanol ba abu ɗaya suke tatsowa ba. Ko a ruwan ma, wanda aka sa wa jar kanwa daban yake da wanda aka sa wa tsamiya, don tsami da kanwa suna canza abin da ke narkewa. Tafasawa ma tana kashe wasu abubuwan, ta tattara wasu. In adalci ake so, a gwada abin da mutane ke sha, yadda suke shan sa.

Mai Haɗa Magani:
Ƙorafinka yana kan hanya, Yaya, rabinsa. Lallai rukuni ɗaya aƙalla ya sha maganin yadda mai shi ya ce a haɗa. Kuma ana iya lissafa abin da mutum ke sha a mayar da shi na ɓera. A ɗebi mililita 100 na jiƙon a ƙafar a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 50 ba, a auna abin da ya rage. A ce giram 0.6 ya rage. Mai shan kofi na mililita 250 sau biyu a rana yana shan giram 3 ke nan, in nauyinsa kilo 60 ne ya zama miligiram 50 a kilo. Ana ninka wannan da 6.2 don a samu na ɓera, saboda ƙaramar dabba ta fi saurin sarrafa magani: kusan miligiram 310 a kilo. Daga nan sai a sa rukuni a wannan, a sa wasu sama da shi.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa babban awo zalunci ne. Dalilinsa a ga tazarar da ke tsakanin abin da ake sha da abin da ke cutarwa. Rabin kofi na gidan wani cikakken kofi ne a gidan wani, saiwar rani ba ƙarfinta ɗaya da ta damina ba, kuma wanda aka ce wa kwana bakwai in ya ji daɗi wata uku zai yi yana sha. In illa ta fara a ninki biyu kacal na abin da ake sha, wannan magani ba na sayarwa a mota da lasifika ba ne.

Jikan Magori:
Na karɓi wannan. Amma a riƙa rubuta wane ɓangare aka gwada. A ce 'ya'ya aka gwada, kar a yanke wa ganye hukunci.

Malam na Ƙofar Soro:
Wannan haƙƙi ne. Ɓangaren tsiro, inda aka samo shi, watan da aka cire shi, da lambar samfurin da aka ajiye a ma'ajiyar tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Suna ɗaya a kasuwa yana iya hawa tsiro biyu, balle in gari aka sayo a ƙulle a leda.

Amma bari in juya maganar, don duk muna tsoron a zargi magani da laifin da bai yi ba. Ɗaya gefen ya fi ba ni tsoro: ɓera ya wanke maganin da zai kashe mutum. Tumfafiya tana da sinadaran da ke kama famfon gishirin ƙwayoyin zuciya, dangin maganin zuciya digokzin. Irin famfon da ya fi yawa a zuciyar ɓera ba ya jin waɗannan sinadarai sai an ninka su ɗaruruwa. Ɓera zai sha ya yi ta harkarsa, a rubuta ba illa, alhali a mutum ko tunkiya labarin daban ne. Ga irin wannan ɓeran Masar ya fi kusa da mu. Haka zaƙami: ɓera yana jure atirofin da ke cikinsa fiye da mutum nesa ba kusa ba. Awon da zai sa saurayi ya fita hayyacinsa, fata ta bushe ta yi zafi, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ƙi fita, ba zai kashe ɓera ba. Mai kallon mutuwa kaɗai zai ce zaƙami lafiya lau.

Ɗalibar Dutsin-Ma:
To Malam, me ake gani a ɓeran da aka ba zaƙami in ba mutuwa ba?

Malam na Ƙofar Soro:
Akasin abin da kika fara tambaya a kai. Motsi ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba, don sikofolamin da ke cikinsa yana sa ɓera yawo ba hutawa, yana zagaya gefen akwati. Ɗan ido ya buɗe ya ƙi tsukewa ko an haska tocila, baki ya bushe, kashi ya ragu saboda hanji ya lafa. Sai mantuwa: sikofolamin miligiram 1 a kilo shi ne ma abin da ake yi wa ɓera allura da gangan in ana son a gwada maganin mantuwa. Don haka gwajin zaƙami ba tare da gwajin tuna hanya ba, an bar babban ɓangare. Ku haɗa da abin da Sarkin Ɓeraye ya faɗa ɗazu: dabbar da ke sanyaya jiki da miyau, an ba ta abin da ke ƙafar da miyau, a ɗaki mai zafi a watan Afrilu. In ta mutu, zafi ne ya ƙarasa ta, kuma awon kisan da za a lissafa ba zai yi daidai da na wanda ya yi gwajin a ɗaki mai sanyi ba. A riƙa auna zafin jiki ta dubura, lafiyayye yana wajen digiri 37 zuwa 38.

Dakta na Daura:
A ƙara da cewa ɓera ba ya amai. Mutum in ya sha abin da cikinsa ya ƙi, amai ne alamar farko, wani lokaci shi ne ma ke cetonsa. Ɓera sai dai ka ga yana cin shimfiɗar kejinsa ko farar ƙasa in an ajiye masa. Wannan ita ce tashin zuciyarsa, kuma wanda bai san haka ba zai rubuta babu alama.

Hajiya Mai Madubi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni nawa a kan yankan ƙwaƙwalwa ne, don nan ne ake kawo hoto a ce ga hujja. Mafi yawan hotunan da ake nunawa an sa kibiya a kan ƙwayar jijiya da ta yi baƙi ta tsuke, an rubuta ta mutu, ba magani ne ya yi ba, hannun mai cirewa ne. Ɗanyar ƙwaƙwalwa in aka danna ta da almakashi ko hantsaki kafin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ya kama ta, ƙwayoyin sukan tsuke su yi duhu. Ku duba rukunin kwatance da kyau, za ku same su a can ma.

Yadda ake kauce wa wannan: a sa dabbar barci mai nauyi har ba ta jin matsa yatsa, a buɗe ƙirji, a sa allura a ɗakin hagu na ƙasan zuciya, a ɗan yanka ɗakin dama na sama, a wanke jini da ruwan gishiri na kashi 0.9 har abin da ke fita ya yi fari, sannan a bi da fomalin na kashi 10. A bar ƙwaƙwalwar cikin ƙoƙon kai na wasu awanni kafin a ciro. In ba halin yin haka, a ciro da sauri ba dannawa, a saka a fomalin da ya ninka girmanta sau 10 zuwa 20, ba a cusa ta a ƙaramar kwalba da ɗan ruwa a gindi ba.

Ƙwayar da ta mutu da gaske takan yi ja da rinin H da E da ake rina yankan nama da shi, cibiyarta ta ƙanƙance ko ta farfashe, kuma in an kwana biyu za a ga ƙwayoyin share fage, masu kwashe matattun ƙwayoyi, sun taru a wurin. Ga matsalar tangaɗi, ƙwaƙwalwar ƙeya za a fara dubawa, a ƙirga ƙwayoyin Purkinje, manyan ƙwayoyin jijiyar da ke jere a cikinta, a tsawon layi ɗaya a kowace dabba, ba a zaɓi wuri mafi muni a ɗauki hoto ba. Ga jan ƙafa, a ciro lakar baya da babbar jijiyar cinya, da tsokar da Dakta ya ce. Sau da yawa ƙwaƙwalwa kaɗai ake kawowa alhali alamar a ƙafa take, an zubar da gawar da amsar a ciki. Kuma mai duba gilashin kar ya san rukunin da yake dubawa, a ba shi lamba kawai.

Ɗalibar Dutsin-Ma:
Hajiya, in an bi da fomalin ta zuciya, za a iya auna sinadaran ƙwaƙwalwa a dabbar?

Hajiya Mai Madubi:
A'a ƙanwata, fomalin ya gama da su. Dabbobin ake rabawa tun farko. Shi ya sa ƙa'idar gwajin guba ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD mai lamba 424, wadda aka yi musamman don gubar jijiyoyi, ta nemi maza 10 mata 10 a kowane rukuni, a ware biyar-biyar don yanka. Mai lamba 407 ta kwana 28 maza biyar mata biyar kawai ta nema a kowane rukuni, ba za su ishe ki aiki biyu ba.

Mai Haɗa Magani:
Ƙwaƙwalwar da za a auna wa sinadari a ciro ta a kan ƙanƙara, a niƙa a ruwan fosfet mai sanyi, a yi aikin ranar ko a daskarar. Firizar da ke narkewa kullum in wuta ta tafi tana ɓata samfur, gara a tsara yanka ranar da aka tabbatar da janareta ko sola. Ga sinadarin da ke narkar da asetilkolin, mai isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, hanyar Ellman ta 1961 ake bi, a karanta a nanomita 412. Amma a san abin da ake nema: zaƙami ba ya hana wannan sinadari aiki, maƙallin saƙon yake toshewa, don haka sakamako ya fito daidai bai wanke shi ba.

Inda wannan awo yake da amfani sosai shi ne gano abin da ba tsiron ba ne. In ɓera yana dalala, ɗan ido ya tsuke, tsoka na rawa ƙarƙashin fata, jan hawaye ya taru a gefen ido da hanci, a tuhumi maganin ƙwari irin fiya-fiya da ake sa wa kaya a ajiya don kar su yi ƙwari. Sai dalma. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya taso, kuma kwalli na dutse shi ma dalma ne. Garin magani da aka daka a turmin da ba a san me ya daka ba, ko aka haɗa da ƙasa ko kwalli, a kai shi na'urar AAS mai gano ƙarafa irin dalma kafin a ba ɓera. Akwai kuma masu zuba maganin bature a ciki don mai saye ya ji aiki da wuri, na barci ko na kashe ciwo. Irin wannan in ya kwantar da ɓera, tsiron ba shi da laifi ko kaɗan.

Jikan Magori:
Wannan na ƙarshen shi ne ya ɓata sana'ar. Mutane kuma suna ganin lambar NAFDAC su ɗauka an gama komai.

Mai Haɗa Magani:
Lambar da ke ƙarewa da harafin L jeri ne aka sa maganin, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ba shaida ba ce cewa an bi jijiyoyin mai shan sa na wata shida.

Dakta na Daura:
Malam, ina da ja a kan hanyar Lorke ta lissafa awon da ke kashe rabin dabbobi, da ɗalibai suka riƙe kamar ba wata. Tun 1983 take, kuma na san dalilin son ta: ɓera 12 ko 13 sun isa. Zagaye na farko uku-uku a miligiram 10, 100 da 1000 a kilo, in ba wanda ya mutu sai ɗaya-ɗaya a 1600, 2900 da 5000. In na 1600 ya rayu na 2900 ya mutu, a ninka ɗaya da ɗaya, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, a samu wajen 2154. To amma dabba ɗaya ce ta yanke wannan hukunci, in sarƙewa ce ta kashe ta fa? Kuma da yawa awa 24 suke kallo su rufe littafi. Gubar da ke cin jijiya a hankali ba ta gama nuna kanta a kwana ɗaya.

Malam na Ƙofar Soro:
Ban ƙi ba, Dakta, amma laifin ba duka na hanyar ba ne, na mai tsayawa a kanta ne. Don a san inda za a fara awo, ta wadatar. OECD 423 ma uku-uku take ɗauka, yawanci mata, a matakan 5, 50, 300 da 2000. Abin da ta fi shi ne ta tilasta kallo: a rabin awar farko, a sa ido sosai awa 4, sannan kullum har kwana 14, da awon nauyi, da buɗe kowace gawa. Ko wacce aka bi, a ɗauki wannan tsarin kallon. A hana abinci daren da za a yi ɗura, ban da ruwa, a mayar bayan awa 3 zuwa 4.

Misalin da ke goyon bayanka shi ne majimfa, Tephrosia vogelii, da ake kashe kifi da ita. Tana ɗauke da dangin rotenon, wanda ke toshe matakin farko na injin samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta. A shekarar 2000 aka nuna cewa ɓeran da aka daɗe ana ba rotenon kaɗan-kaɗan yana rasa ƙwayoyin dofamin, ya sandare, motsi ya yi nauyi, kamar mai cutar Parkinson mai sa rawar jiki. Makonni abin yake ɗauka. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa da kyau ba shi ma haka: cutar konzo mai sandarar da ƙafafu, da tangaɗin da Farfesa Osuntokun ya yi bincike a kai a Ibadan, ba a cin yini ɗaya suke zuwa ba.

Dakta na Daura:
To mun haɗu a kwana 14, mun rabu a dabba ɗaya. Ni dai in sakamakon zagaye na biyu ya rataya a kan mutuwa guda, a buɗe ta a duba huhu da maƙogwaro kafin a yi lissafi.

Sarkin Ɓeraye:
Ga wanda ba shi da sanda mai juyawa, kafinta zai yi masa katakon tsallakawa: tsawo mita 1, faɗi santimita 2.5, a ɗaga santimita 50, a sa soso a ƙasa, a ƙarshensa akwati mai duhu da ɗan shimfiɗar kejinsu a ciki don su so shiga. Kar a shafa masa fenti mai santsi. A koya masu kwana biyu ko uku kafin a fara ba da magani, a rubuta lokacin kowa na farko, a aje waya a baya tana ɗauka, daga baya a ƙirga sau nawa ƙafar baya ta zame. Akwatin zirga-zirga kuma mita 1 kowane gefe, bango santimita 40, a zana gida 25 na santimita 20, minti 5 kowane ɓera, a goge da sifirit na kashi 70 a bari ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba warin na farko zai bi. Ku sani in ana maimaita masu akwatin nan kowane mako suna sabawa su rage yawo da kansu, har waɗanda ruwa kawai suke sha.

Mai sanda mai juyawa kuma, ta ɓera kaurinta wajen santimita 6 zuwa 7 ne, gudu daga juyi 4 zuwa 40 a minti cikin sakan 300. Wanda ya rungume sandar ta zagaya da shi, a lissafa ya faɗi. Mai ƙiba yakan riga siriri faɗowa ko lafiyarsa ƙalau, don haka a aje nauyi kusa da sakamako. Duk dabbar da ta rasa kashi 20 na nauyinta, ko ta kasa kai baki ga ruwa, ko jijjiga ta ƙi sakinta, a hutar da ita, kar a jira ta mutu don cika tebur. Amana ce a hannunmu.

Ɗalibar Dutsin-Ma:
Allah ya saka da alheri. A wane jeri za a yi gwaje-gwajen a rana ɗaya, ko a raba su?

Malam na Ƙofar Soro:
Daga mai sauƙi zuwa mai tayar da hankali: kallo a keji, ɗauka a hannu, akwatin zirga-zirga, katako, sanda, ƙarfin riƙo, sakin tawada, faranti mai zafi na digiri 55 a ƙarshe, shi ma kar ya wuce sakan 30. In sun yi yawa a raba kwana biyu, amma a lokaci ɗaya na yini, kuma a shigo da kejin ɗakin gwaji awa ɗaya kafin a fara. Jini a ɗebe shi bayan an gama gwajin motsi, ba kafin ba: sukari, ALT da AST don hanta, CK don tsoka, yuriya da kiriyatinin don ƙoda. In rukunin nan na kwana 28 ba a riga an yanka su ba, ki tsayar da rabi su yi kwana 14 ba magani, sauran kuma a ciro hanta, ƙoda, tsokar cinya, jijiyar cinya da lakar baya tare da ƙwaƙwalwar.

Hajiya Mai Madubi:
Jijiyar cinyar a miƙe ta a kan ɗan kati kafin a jefa a fomalin, in ba haka ba lanƙwashewa za ta yi, yankan ya fito a karkace. A rubuta wa katin gefen sama da na ƙasa da fensir, biro wankewa yake.